A zo a gwada rigar tun tana hannun tela

Watan Yuni ne, ƙarshen shekarar karatu, shugaban wata makarantar Faransanci da Larabci da nake yi wa aikin kwamfuta a nan Garwa ya shigo shagona ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba. Ya ajiye bultin guda, wato takardar sakamakon ɗalibi, a kan tebur, ya ɗora yatsa a layin ƙarshe, ya ce: "Malam, duba min nan. Yarinyar nan ta ci, amma takardarka ta ce ta faɗi."

Na duba. A littafin malamin ajin, wanda ya yi lissafinsa da biro, matsakaicin makinta 10,2 ne bisa 20. A takardar da na buga 9,8 ne. Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu: ɗaya ta wuce aji, ɗaya ta maimaita shekara. Mahaifinta ya riga ya ga takardar, ya riga ya yi faɗa a gida, har an fara zancen ko a cire ta daga boko ta zauna. Sai da dare ya raba na gano inda gizo ke saƙa. Manhajar da muke haɗa maki da ita, ta kyauta ce, mutum biyu ko uku ne ke kula da ita don sa-kai a wata ƙasa mai nisa, kuma makonni kaɗan kafin nan na sabunta ta. Sabuwar sigar idan ta karanta 12,5 sai ta tsaya a waƙafi, ta ɗauki 12, ta zubar da rabin. Su can da ɗigo suke raba lamba, mu nan da waƙafi muke rabawa kamar yadda aka koya mana a makarantar Faransanci. Rabin maki nan, kwata can, sau nauyin kowane darasi, sai ga yarinya ta faɗi jarrabawar da ta ci. Yara bakwai abin ya shafa a makarantar. Muka janye takardu, muka sake bugawa, shugaban ya bi gidaje yana ba da haƙuri.

Na rubuta wa masu manhajar cikin fushi. Kwana biyu ɗayansu ya amsa, ya nemi afuwa, ya gyara a ranar. Amma a ƙarshen saƙonsa ya faɗi abin da ya kashe min baki: sun ajiye sigar gwaji mako uku cur suna roƙon a gwada musu, kuma a cikin waɗanda suka gwada babu mai rubuta maki da waƙafi. Na koma na duba. Sanarwar tana nan a saman shafinsu, na gan ta a lokacin, na wuce. Minti goma da tsohon kundin maki da sun isa a kama abin tun bai shiga gidan kowa ba.

Daga wannan dare ra'ayina ya sauya, kuma shi nake so in faɗa wa 'yan uwana masu gyaran kwamfuta, da masu sakatariya, da malamai da ɗalibai, daga Ngaundere har Kusuri da tsallaken gada a Njamena. Manhajar da ake ce mana kyauta ce tana da kuɗi, kuɗin nata gwaji ne, kuma mu ba ma biya. Muna karɓar riga ɗinkakkiya ranar Salla, mu sa, ta matse mu a wuya, mu zagi tela, alhali tela ya aiko tun ana saura mako uku a zo a gwada.

Ga wanda bai saba da harkar ba, buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun cikinta a fili, kowa ya gani, ya gyara, ya raba. Aikin gayya ne, sai dai gonar ta duniya ce. VLC da muke kallon fim da ita haka take, haka Firefox, haka LibreOffice da masu sakatariya da yawa ke buga takardu da ita, haka Linux da ke kwance a ƙarƙashin kowace wayar Android da ke aljihunmu. Kafin a saki sabuwar siga ga jama'a, masu aikin kan fitar da wadda suke ce wa RC, ma'ana wadda ke takarar zama ta ƙarshe. Ni a shago sigar jajibiri nake kiranta, don an gama ɗinki, an yi guga, abin da ya rage a sa a jiki a gani. Idan ba a sami aibi mai girma ba, ita ce za ta fita da sunan ta ainihi. Idan an samu, a gyara, a sake fitar da ta biyu.

Abin yana da tsari, ba a ɓoye yake ba. Linus Torvalds, mutumin Finlan da ya fara Linux a 1991, har yau haka yake tafiyar da aikinsa: mako biyu ƙofa a buɗe ana shigo da sababbin abubuwa, sai ya rufe ya fitar da rc1, daga nan kusan kowace Lahadi da sabuwa har rc7, wani lokaci rc8 idan hankalinsa bai kwanta ba. Duk mako tara ko goma sabuwar siga ta fito. LibreOffice kuwa sau biyu a shekara take fitar da babbar siga, a Fabrairu da Agusta, kuma kafin kowacce akwai jerin na gwaji da ranakun farautar kurakurai da ake gayyatar kowa. Ranakun a rubuce suke tun da wuri. Babu mai tambayar takardar shaidar karatunka a bakin ƙofa.

Kada kuma a ɗauka gwajin nan wasan yara ne. A ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya Bajamushe mai suna Andres Freund, wanda ke aiki a kan PostgreSQL, wata buɗaɗɗiyar manhajar adana bayanai, ya sanar da duniya abin da ya tsinta yana gwaje-gwajensa a kan sigar gwaji ta Debian, wani nau'in Linux na kwamfuta. Ya lura shiga kwamfuta daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Wani zai ce rabin daƙiƙa me za ta yi, ya wuce. Shi ya bi sawu, ya tarar da ɓoyayyiyar ƙofar ɓarayi da aka dasa a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Wanda ya dasa ta ya kwashe kusan shekara biyu yana taimako yana neman yarda kafin ya yi aika-aikar. Tarkon ya riga ya shiga sigogin gwaji na Debian da Fedora, wani nau'in Linux ɗin, bai kai ga waɗanda bankuna da asibitoci ke aiki da su ba. Mutum ɗaya mai zama a kan sigar gwaji, mai kunnen jin rabin daƙiƙa, shi ya tare shi a hanya.

To amma mu ba Andres Freund ba ne, za a ce min. Gaskiya ne, ba kuma shi ake nema mu zama ba. Abin da ke hannunmu shi ba ya da shi, kuma a nan ne zancena ya fi nauyi. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Wanda ke rubuta manhaja a Jamus ko Amurka yana zaune ne a ɗaki mai sanyi, kwamfutarsa sabuwa, wutarsa ba ta ƙiftawa, intanet ɗinsa kamar ruwan famfo. Da zuciya ɗaya zai gwada aikinsa, ya ga komai lafiya. Ba zai taɓa ganin abin da ke faruwa ba idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar ajiye fayil, abin da mu ke gani kusan kullum a lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Bai san kwamfutar da ke aiki a Garwa cikin Afrilu ba, zafi ya haura digiri 40, fanka cike da ƙurar hunturun da ya wuce, injin yana rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Bai san sabuntawar da ke yankewa a kashi tamanin cikin ɗari don data ta ƙare ba, sannan ta ƙi ci gaba daga inda ta tsaya. Mu a wajenmu wannan rayuwa ce ta yau da gobe. A wajensa kuwa yanayin gwaji ne da ko da kuɗi sai ya sha wahala kafin ya ƙirƙiro irinsa.

Ga kuma maganar harshe, wadda ta fi ci min rai. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da 'yan Nijar da masu rubuta Fulatanci ke amfani da ita, sun daɗe a cikin Unicode, ma'aunin da duniya ta yarda da shi na haruffa. A 2020 ma an ƙara wasu haruffan ajami na Hausa a siga ta 13. Amma samun harafi a kundi daban, manhaja ta riƙe shi da mutunci daban. Ka rubuta Ƙasimu a allo ya fito daidai, ka buga a takarda ya zama akwati. Ka jera sunayen aji, Ɗanjuma da Ƙasimu su gangara can ƙasa bayan Zainabu kamar baƙi. Ka nemi suna da ƙaramin ƙ, manhaja ta ce babu, don ba ta san shi da babban Ƙ uwa ɗaya uba ɗaya suke ba. Sannan mu Hausawan Kamaru da Chadi muna da namu ƙarin. Ka zaɓi Hausa a manhaja, yawanci ta Najeriya za a ba ka, da naira da ɗigo. Ka zaɓi Faransancin Kamaru, ka sami sefa da waƙafi, Hausar ta tafi. Allon rubutunmu AZERTY ne, jerin haruffa na Faransanci, tsarin Hausar da ke zuwa cikin Linux kuwa an gina shi a kan QWERTY, jerin Turanci na Najeriya da Gana. Muna tsaye ne a tsakanin gidaje biyu, kuma a irin wannan tsakani kurakurai ke yin sheƙa. Wa zai gwada wannan haɗin in ba mu ba? Bakano ba zai ci karo da shi ba, mutumin Yawunde da ba ya rubuta Hausa shi ma haka.

Akwai kuma abin da shirunmu ke jawo mana a hankali ba mu sani ba. Masu manhaja idan za su yanke shawarar wace irin kwamfuta za su daina kula da ita, suna duba ne su ga wa ke magana. A Agustan 2025 Debian 13 ta fito ba tare da faifan sakawa na tsofaffin kwamfutoci masu bit 32 ba. Ban ce sun yi laifi ba, aikin sa-kai ne, hannaye kaɗan ne. Amma irin waɗannan injina a ina suka ƙare? A kasuwanninmu, cikin kayan gwanjo da ake saukewa daga Duwala. Watanni biyu bayan haka, ranar 14 ga Oktoba 2025, tallafin Windows 10 ya ƙare, kuma kwamfutoci da yawa da ke shagunanmu ba za su ɗauki Windows 11 ba. Ke nan jama'armu za su ƙara komawa ga buɗaɗɗiyar manhaja, da tsofaffin injina, a daidai lokacin da babu muryarmu a inda ake yanke wa tsofaffin injina hukunci.

Na san uzurorin, don ni ma da su na rayu. Na farko data. Wannan gaskiya ce tsagwaronta: faifan Ubuntu na yanzu, shi ma nau'in Linux ne, ya haura giga biyar, ba kuma kowa ke iya sauke irinsa duk mako ba. Amma mu da muka iya raba fim ɗaya ga unguwa guda da kile ɗaya, 'yar ma'ajiyar USB ɗin nan, ba za mu kasa raba sigar gwaji ba. Mutum ɗaya ya sauke inda ya sami intanet mai arha, goma su kwafa. Ba dole ba ne ma a fara da manyan. Manhajar da kake ci da ita kullum, ita za ka gwada, kuma sau da yawa ba ta kai girman bidiyon biki ɗaya ba.

Na biyu Turanci. Rahoton kuskure ba wasiƙar neman aiki ba ce. Abu huɗu ake so: na yi kaza, na zaci kaza zai faru, kaza ne ya faru, ga lambar sigar da irin kwamfutata. Ka haɗa da hoton allo da ɗan fayil ɗin da ya jawo abin, bayan ka goge sunayen mutane na gaskiya daga ciki. Na sha rubutawa da Faransanci in juya da manhajar fassara, aka fahimce ni. Wanda ba a so shi ne mai zuwa ya rubuta "ba ta aiki" ya tafi, ko mai zagi. Wannan kam da muguwar rawa gara ƙin tashi, don ɓata wa ɗan sa-kai dare kawai ya yi.

Uzuri na uku shi ne wanda na fi girmamawa. Wani abokina a Marwa ya ce min: manyan kamfanoni na cin biliyoyi da wannan gayya, mu kuma mu ƙona datarmu da man janaretanmu mu yi musu gwaji a banza? Akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Kamfanonin da ke tsaye a kan aikin 'yan sa-kai ya kamata su biya fiye da yadda suke biya, labarin xz ma ya tona wannan, don mutum ɗaya ne ya ɗauki nauyin manhajar shekara da shekaru ba albashi har ya gaji. Amma kuskuren waƙafi ba kamfani ya cuta ba. Yarinya ya cuta a unguwarmu. Idan na gwada, bultin na nake karewa, da sunan shagona, da amanar shugaban makarantar da ya ba ni aikinsa.

Wani gargaɗi kuma ga abokan sana'ata, don na ga ana yi: sigar jajibiri ba ta kwamfutar kwastoma ba ce. Wasu na saka wa mutane ita don su ce sun ba su sabon yayi, ba su faɗa musu ba, ba su kuma kai rahoto ko'ina ba. Wannan cin amana ne. Wasu sigogin ma hawa suke kan tsohuwar su maye gurbinta. A ware tsohon inji guda, ko a kunna daga kile, kuma a yi gwaji da kwafin takardu.

Mutum ɗaya-ɗaya ba zai isa ba, shi ya sa idona ke kan jami'o'inmu. Ngaundere tana nan tun 1993, Marwa tun 2008, ga ta Garwa da aka kafa a 2022. Duk shekara ɗaliban kimiyyar kwamfuta na rubuta 'yan manhajojin kammala karatu da ba mai sake buɗe su bayan an ba da maki. Me zai hana malami ya ce wa aji: wannan zangon kowa ya ɗauki buɗaɗɗiyar manhaja guda, ya gwada sigarta ta jajibiri, ya kawo min rahoto uku da masu ita suka karɓa? Ɗalibin zai fita da sunansa a rubuce a inda duniya ke gani, abin da zai nuna wa mai ɗaukar aiki a ko'ina. Kayan aikin ma suna nan. Kwamfutoci 500,000 da gwamnati ta fara raba wa ɗaliban jami'a a ƙarshen 2017, masu ma'ajiyar giga 32, waɗanda suka rage da rai a cikinsu sun dace da wannan aiki sosai, don manhajar da ta yi tafiya a kansu za ta yi a kan mafi yawan abin da talaka ke da shi. Haka ƙungiyoyin agaji da ayyukan lafiya. Alƙaluman asibitocin ƙasar nan da DHIS2 ake tattara su, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ke jagoranta. Wanda ke da kuɗin taron bita a otal yana da kuɗin da zai ba ma'aikacin shigar da bayanai na ƙauye data da kwana biyu ya gwada sabuwar siga kafin ta iso masa.

Su ma masu manhajar ina da magana da su. Mako ɗaya na gwaji ya yi kaɗan ga wanda sai ya jira wuta. Su bar hanyar sauke abin da ya canza kawai maimakon dukan fayil. Su kuma amsa wa sabon zuwa da sakin fuska, don mutumin da aka yi wa shiru a rahotonsa na farko da wuya ya sake dawowa.

A shagona yanzu Asabar da yamma ta gwaji ce idan akwai sabuwar siga. Muna da tsohuwar kwamfutar cinya da batirinta ya mutu, yarona na shago ya sa mata suna Jaka don ba ta gudu amma tana ɗaukar kaya. Mukan zuba mata kundin makin nan na shekarar da abin ya faru, sunaye a sauye, mu gwada sakamakon da lissafin biro na malamin. Mu rubuta sunaye masu ɓ da ɗ da ƙ mu jera su, mu buga a takarda. Daga ƙarshe sai in fara ajiye fayil in ce masa ya zare waya daga bango. Ranar da muka fara ya tsaya yana kallona: "Maigida, da gangan?" Na ce da gangan. Ya zare. Muka kunna, fayil ya buɗe babu komai a ciki, maki duk sun tafi. Shi ya rubuta rahoton da hannunsa, da Faransancinsa, ni na duba kawai. Bayan kwana tara sigar jajibiri ta biyu ta fito, muka sake zare wayar har sau biyar, kundin yana nan daram. Ya ɗauki hoton layin da aka ambaci gyaran ya tura wa abokansa na makaranta, Asabar ɗin da ta biyo baya biyu daga cikinsu suka zo da kwamfutocinsu a jaka.